Ranar da Nomau Ya Ɗaga Gefen Sama

Dalilin da ya sa ba wanda ke iya isa inda sama ta taɓa ƙasa, ku matso ku ji, don na ga kun fara zancen zuwa can.

A da ba haka abin yake ba. Gefen sama a kafe yake wuri guda, bayan gonakin wani ƙauye, ya sauko har ƙasa kamar asabari. Mata na itace kusa da shi, awaki na sosa jiki da shi. Doka ɗaya ce: ba a ɗaga shi.

A ƙauyen akwai wani saurayi, Nomau, da ƙanwarsa Lantana. Tare suka tashi, tare suke tsintar kanya, a kwano ɗaya suke ci. Amma Nomau ba shi da buri sai tafiya. In fatake suka sauka, yana gindinsu yana tambayar garuruwa.

Wata rana da hantsi suna gona, ya ajiye fartanya ya ce, "Lantana, leƙawa kawai zan yi."

Ta ce, "Yaya, don Allah kar ka je. Inna ta hana."

Bai saurare ta ba. Ya durƙusa, ya kama gefen sama, ya ɗaga. Wani sanyi ya buso, tsuntsaye duk suka yi tsit. Lantana ta hango ruwa mara iyaka da birane masu ƙyalli, amma babu motsin kowa a cikinsu. A bakin wurin wata tsohuwa ce zaune, doguwa, ba ta ƙifta ido.

Tsohuwar ta ce, "Shigo, ɗan samari. Ba a biyan komai. Abin da ke ranka kawai za ka riƙa ajiye mini a hanya."

Nomau ya shiga. Yana takawa, wani abu kamar hayaƙi yana fita daga ƙirjinsa, tsohuwar na buɗe baki tana haɗiyewa.

Lantana ta zura hannu ta damƙo rigarsa. "Yaya, mu koma gida!"

Ya waiwayo, ya dube ta sama da ƙasa, ya ce, "Baiwar Allah, ke wace ce?"

Lantana ta ƙara damƙe rigar. Ta ce, "Ni ce Lantana! Kai ka goya ni ranar da ƙaya ta soke ni!"

Ya ce, "Sakar mini riga."

Tsohuwar ta miƙe. Miƙewa take yi ba ta ƙarewa, har kanta ya ɓace a sama, muryarta kawai ke saukowa: "Sake shi, yarinya. Ya riga ya fara biya. Ko ke ma ki shigo."

Lantana ba ta sake shi ba. Ta kafa ƙafa, ta riƙe gefen sama da ɗaya hannun, ta ja da iyakar ƙarfinta tana kiran Inna. Sai ji aka yi ƙeeet! Gefen sama ya yage, su biyun suka faɗo cikin kunyar gero.

Tsohuwar ta yi wata ƙara da ta sa karnukan ƙauyen ɓuya. Ta ce, "Kun yaga mini ƙofa! Daga yau ɗan Adam ba zai ƙara taɓa ta ba. Abin da na haɗiye kuwa ya tafi."

Ta tattara gefen sama, ta ja shi baya, ta yi ta ja har ya koma can nesa.

Lantana ta kamo hannun yayanta ta kai shi gida. Da ya ga Inna ya gane ta, ya faɗa jikinta yana kuka. Amma Lantana, sai da aka gaya masa sunanta kamar baƙuwa. Ta yi ta ba shi labarin yarintarsu, yana ji yana gyaɗa kai don kar ranta ya ɓaci. Da abin ya ishe shi, ya ɗauki sanda ya bi gefen sama, wai zai karɓo abinsa. Yana matsawa, sama tana matsawa. Ya ga garuruwan da ya yi mafarki duka, ya dawo da furfura, bai karɓo komai ba. Lantana ce ta yi jinyarsa har ya rasu.

Shi ya sa har yau, in kun bi inda sama ta taɓa ƙasa, sai ta riƙa ja da baya. Ku gode wa Allah da take gudu.