Robar da Malam Ilu Ya Manta

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya da nisa, wani bawan Allah da ake kira Malam Ilu. Sana'arsa haɗa wayoyin mota. Ku saurara da kyau, jama'a.

Wata rana aka kawo masa akori-kura da aka sake wa kujerun gaba, irin masu wayar wuta a ƙasa. Mai motar mutum ne mai gaggawa da zafin kai. Malam Ilu ya kwance kujera, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, ya bi da wayoyin ta gefe, nesa da ƙarfen da kujera take zamewa a kai. Ya naɗe da salatif, ya ɗaure, ya jona kowace a mazauninta. Mai mota na tsaye a kansa, sai duba agogo yake yana tsaki.

Aka gama, mota ta tafi. Sai da ya zo alwalar la'asar ya ji wata 'yar roba a aljihunsa. Ita ake sakawa a bakin ramin ƙarfe don kada ƙarfen ya ci waya. Ya manta bai sa ba.

To, wa ya sani? Wa ke leƙa ƙarƙashin kujera? Da ya jefa ta a kwata, shi ke nan. Amma ya san in ƙarfe ya ci wayar, wuta za ta tashi ƙarƙashin wanda ke zaune.

Washegari ya bi mai motar har tasha, ya same shi cikin mutane. Ya rusuna ya ce, "Yallaɓai, na yi kuskure a aikinka. Ka ba ni dama in gyara."

Ku ji abin da mai motar ya yi. Ba irin wulaƙancin da bai yi masa ba a gaban jama'a. Malam Ilu ya fito da kayan aikinsa. Ya durƙusa cikin rana ya kwance kujerar, sai ga waya har ta fara gogewa, jan ƙarfenta a waje. A kujerar nan kuwa mahaifiyar mai motar take zama in zai kai ta asibiti. Malam Ilu ya gyara wayar, ya sa robar. Mai motar ya gani da idonsa, amma girman kai ya hana shi godiya. Ya shiga gari yana cewa Ilu ba ya aiki da hankali. Masu kawo aiki suka janye, har bawan Allah ya kwashe kayansa ya bar garin. Bayan shekara biyu labarin rasuwarsa ya zo.

Jama'a, mai motar nan ni ne. Shekara talatin ina neman wanda zan ce wa ya yafe mini, babu shi.

Wanda ya zo da ƙafarsa ya ce muku ya yi kuskure, mai amana ne, kada ku tozarta shi. In kuma akwai wanda kuka zalunta, ku tashi daga nan ku neme shi yau, tun yana da kunnen da zai ji ku.