Yadda Kogi Ya Shiga Ƙirjin Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mu riƙe baki.

To ku gyara zama. Mai tari ya yi tarinsa yanzu, don in na fara ba na son katsewa.

A bakin wani kogi dabbobi suna da al'ada. Ranar buɗe su, wato kamun kifi, sai an yi tseren iyo, a haye kogi a dawo. Wanda ya riga kowa, giwan ruwan farko nasa ne. Mai riƙe da kogin kuwa Gwaggo Kififiya ce, tsohuwar da ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba.

Kurege ya ga giwan ruwan bara, tun ranar yawunsa bai tsaya ba. Iyo kuwa, iyakarsa kududdufi. Sai ya zauna ya ce, “Me ke kashe mai iyo? Ruwa ne ya shiga ciki. To in ya zo ya tarar da cikin a cike fa?” Ya ɗaga goran ruwa ya shanye, ya ƙara wani. Ya ɗaure ƙirjinsa tam da igiyar fata don ya yi sumul kamar tarwaɗa. Ya liƙe bakinsa da ƙaro, ya bar hanci kawai.

Da sassafe aka buga ganga, kowa ya faɗa ruwa, ruwan nan sanyi ƙarara. Kurege ya yi ta bugun ruwa, ya yi ta bugun ruwa, har ya kusa cim ma Agwagwa. Yana kaiwa tsakiya sai zuciyarsa ta shiga dukan uku-uku. Ya ja numfashi, bai iso ba. Ya sake ja, bai iso ba. Dorina ta hango shi ido zuru-zuru, hannu ya daina motsi, ta tallafo shi bisa hancinta ta dire a gaɓa.

Aka ɓamɓare ƙaron. Ya yi tari, sai ga kumfa ja-ja kamar ruwan wankin nama. Kowa ya ja da baya. Gwaggo ta tsinke igiyar, ta kara kunne a ƙirjinsa. Ta daɗe kafin ta ɗago.

“Ikon Allah!” in ji ta. “Baki a liƙe, kansa bai nutse ba, ko ɗigo bai shaƙa ba, amma ga ruwa yana ɓul-ɓul a huhunsa. Sanyi da matsi sun koro jini ƙirji, zuciya ta kasa kwashewa, sai ya tsattsafo cikin huhu. Kogi ya shige shi ba ta ƙofa ba.”

Dabbobi suka yi layi, kowa ya kara kunne ya koma gefe ya yi tagumi. Ni kaina in na zo nan sai tsigar jikina ta tashi. A ce jiki ya nutsar da mai shi daga ciki, yana kwance a kan tudu!

Shi kuwa gogan naku, rai a hannun Allah, amma kunnensa garau. Ya ji an ce kogi ya shige shi. Sai ya buɗe ido ɗaya.

“Kogi yana magana,” ya ce cikin haki. “Wai yunwa yake ji. Wai giwan ruwa yake so.”

Nan da nan aka kawo giwan ruwa.

“Wai a ƙara tarwaɗa.”

Aka ƙara tarwaɗa.

“Wai busasshe ma ba ya ƙi.”

Gwaggo ta dube shi, ta dubi tulin kifi. Ta ce, “Ashe kogin ne da kansa ya baƙunce mu? To kogi ba ya wuni a tudu, in ya wuni ƙafewa zai yi. Dorina, ɗauke shi ki mayar tsakiya, inda ya fi zurfi, baƙonmu ya koma gida.”

Dorina ta sunkuyo. Kurege ya ƙanƙame ƙafar Gwaggo.

“Gwaggo, don Allah! Kogi bai ce uffan ba! Kwaɗayina ne yake magana!”

“Na sani, ɗan nan,” ta ce. “Muryarsa na gane.”

Ta zaunar da shi a rana, ta lulluɓe shi, ta ce kada ya kuskura ya kwanta, in ya kwanta ruwan zai toshe masa numfashi. Kwana biyu yana zaune a miƙe cak, hannu a ƙirji, har huhun ya bushe. A gabansa Agwagwa, wadda ta ci tseren, ta cinye giwan ruwan, ko ƙaya ba ta rage masa ba.

Shi ya sa har yau Kurege ba ya haƙa rami kusa da ruwa. In kun hange shi ya miƙe bisa ƙafafunsa na baya, hannu a ƙirji, ya yi tsit, ba ku yake kallo ba. Saurare yake, ko kogin ya dawo.

Ƙurunƙus kan tarwaɗa! Wanda zai ari bakin kogi ya roƙi kifi, ya fara duba ko Dorina na kusa.