Taswirar Gonar Raelene

An yi wani mutum a nan yankinmu, gabas da garin Merredin, manomin alkama. Ba zan kama sunansa ba, wasunku aji ɗaya kuka zauna da shi. Kuma ba mugu ba ne, ya 'yan uwa. Da mugu ne, da ban ɓata bakina ba.

Shekarar da maƙwabcinsa ya rasu ana dab da girbi, aka yi wa matar marigayin, Raelene, gayya kamar yadda muka saba. Mutumin nan shi ya fara shigar da injinsa na girbi gonar, shi ya fito ƙarshe.

To, kun san injinan yanzu, suna yanka suna rubutawa: nan ƙasa ta ba da kaza, can ta gaji. Aka tashi daga gayya, taswirar gonar Raelene kaf ta zauna a wayarsa.

Fari ya biyo baya shekara biyu. A ta uku alkamarsa ta nuna, injin ya lalace, ya tsaya cak. Sai ga wakilin wani kamfanin sayen filaye, takalminsa ko ƙura babu.

Ya ce, "Maigida, gyara namu ne. Kai dai turo mana abin da injin ya rubuta a gonar matar nan. Lambobi ne fa, ba tumakinta ka kora ba."

Manomin ya san gonar Raelene ta haya ce, wa'adin kuma ya kusa. Ya san abin da za su yi. Amma ga hadari ya haɗo, ga hatsi a tsaye. Wane ne a cikinmu zai rantse zuciyarsa ba za ta raya masa ba? Ya danna, ya tura.

Kamfanin ya saye gefen da ke da albarka daga hannun mai fili, aka bar wa Raelene inda gishiri ya cinye. Ranar da za ta koma birnin Perth wurin 'yarta, ta kai wa manomin kek har gida. Ta ce, "Ɗan uwa, ba zan manta gayyar nan ba." Ya karɓa da hannu biyu. Wayyo!

Ashe garin sauri bai ware nata ba, komai ya tura, har da bayanan girbinsa na shekara goma. Shi ma rabin gonarsa haya ce. Bayan shekara suka ɗauke ta, sauran kuwa ba ta ciyar da gida.

Yau direban kamfanin ne, a gonar da ya gaji hayarta daga ubansa. Na same shi a can, ya ƙi kashe injin.

Ya ce, "Fasto, yi magana da sauri. Ko ruwa na tsaya sha, sai injin ya gaya musu." Ya kawar da kai yana hawaye.

Ya 'yan uwa, wanda ya buɗe maka ƙofar gonarsa, asirinsa ya danƙa maka. Abin da injinka ya gani a can amana ne, ba naka ba ne balle ka sayar.

Ku yi masa addu'a, kada ku yi masa dariya. Allah ya kiyaye mu daga cin amanar maƙwabci a ranar ƙunci. Amin.