Injin Niƙan Baffa Barau

Ku gyara zama, masu hira a baya ku yi shiru. Wannan labari ba na dariya ba ne, kuma idan na kai ƙarshensa ku ne za ku yanke hukunci, ni dai nawa faɗa.

A wani gari an yi wata mata mai suna Lantana, mai tuyar ƙosai a ƙofar gidanta. Tana da ɗa, Mudi, ɗan aji uku a firamare, yaro mai sanyin hali wanda ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi. Wata rana da Mudi ya ƙi zuwa makaranta, da hantsi tana tsame ƙosai sai ta ji muryarsa a bayan ɗaki, amma kamar ba tasa ba. Ta leƙa. Me za ta gani? Mudi ya durƙusar da ƙanwarsa, yarinyar da ba a daɗe da yaye ta ba, yana tsula mata tsinken tsintsiya yana cewa, "In kika yi kuka, a sake daga farko."

Ba a taɓa furta wannan magana a gidan Lantana ba. Ta fizge tsinken, ta ɗaga rigarsa don ta ɗan make shi, sai hannunta ya tsaya a sama. Bayan yaron duk shatar duka ne, masu faɗi, kowace da layi-layi a tsakiya. Da ƙyar ya buɗe baki. Ya ce wani Tasi'u ne ɗan aji shida yake tare su a bayan makewayi lokacin hutun tara, da guntun bel na inji a aljihunsa, kuma wanda duk ya yi kuka sai a sake masa daga farko.

Lantana ba ta ko kashe wutar tuya ba. Ta ja mayafi sai ofishin hedimasta, tana faɗa tana rantsuwa ba za ta bar makarantar ba sai an zane Tasi'u a gaban idonta. Hedimasta ya ce ai yaron ya ishe su, ba ita ce ta fara kawo ƙararsa ba. Ya aika a kira marikinsa, sannan ya sa aka buga ƙararrawa, ɗalibai suka taru a fili.

Aka fito da Tasi'u. Dogo ne siriri, sanye da rigar sanyi, ga rana tana ƙwalla kamar ta dafa ƙwai. A dokar makarantar, mai babban laifi sai ya tuɓe riga kafin bulala. Ya ƙi. Aka kama shi aka cire masa da ƙarfi.

Jama'a! Bayan yaron babu wurin da za ka ɗora yatsa. Tsofaffin tabo a ƙasa, sababbi a kansu, wasu suna ruwa, kuma kowace shata mai faɗi ce da layi-layi a tsakiya, irin ta bayan Mudi sak. Lantana ta ce, "Innalillahi!" Matar da ta zo neman a doke shi, ita ce ta riƙe hannun hedimasta da bulala a sama, tana cewa, "Don Allah, Malam, kada ka taɓa shi."

Ana cikin haka marikin ya iso. Sunansa Barau, ƙanin mahaifin Tasi'u, shi yake riƙonsa tun da iyayensa suka rasu, kuma shi ke da injin niƙa a unguwarsu. Mutum ne mai fara'a, mai doguwar gaisuwa. Ya ce tabon ai na faɗa ne da yaran unguwa, ya gode wa makaranta, ya ce a ba shi ɗansa ya je ya yi masa nasiha. Tasi'u, wanda ko ƙwalla bai zubar ba da aka tsayar da shi ba riga gaban 'yan'uwansa ɗalibai, sai ga shi ya rungume ƙafar hedimasta. "Ku dake ni a nan," in ji shi. "Ko nawa ne ku yi mini, amma a nan." Hedimasta ya ce uba ya fi kowa iko da ɗansa. Aka ɓamɓare shi, suka tafi, kowa ya koma aji.

Lantana kaɗai ta kasa tafiya. Ta kai bakin ƙofar makaranta ta dawo, ta sake fita ta sake dawowa. Ga tuyarta can tana ƙonewa, ga shi ba ta san ko gidan ba. Sai ta kutsa ajin malamin Tasi'u, wani Malam Haladu, yana tsakiyar darasi, ta ce, "Malam, ka san inda suke zaune?"

"Na sani mana, Inna. Duk lokacin da ya yi laifi ni nake kai shi da kaina, in damƙa shi a hannun baffansa."

"To, in ka damƙa shi sai me?"

"Sai ya yi mini godiya, in juyo. Kafin in kai kwana sai in ji ya ta da inji..." Bai ƙarasa ba. Allin da ke hannunsa ya faɗi. Ya tuna cewa sau da yawa babu ko mace ɗaya da kwanon hatsi a bakin shagon, kuma duk washegarin ranar da ya kai ƙara, ranar ce Tasi'u ya fi zaluntar yara. Ya fita da gudu ya ta da babur, Lantana ta haye baya.

Sun tarar da ƙofar shagon niƙa a kulle ta ciki, inji yana ruri har ƙasa na girgiza. Suka yi ta bugu, ba wanda ya ji. Maƙwabta suka ce niƙa ake yi, me ye na tashin hankali? Har wani ya fara yi wa malamin faɗa kan shiga sha'anin gidan mutane. Lantana ta faɗa cikin gidan, ta iske matar Barau, Kande, zaune a bakin murhu ta toshe kunnuwanta da hannu biyu. Kande ta san ma'anar inji in ya tashi babu masu niƙa. Shekara da shekaru ta sani, ita ke gasa wa yaron baya da ruwan ɗumi, ita ta saya masa rigar sanyin, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba, don ita ma jikinta ya san wannan bel. Lantana ta durƙusa gabanta ta ce, "Baiwar Allah, yau kashe shi zai yi."

Jarkar man injin tana rataye ne a bango ta cikin gida, siririn tiyo ya bi ta rami zuwa shago. Kande ta miƙe ta tsinke tiyon. Injin ya yi tari, ya yi tari, ya mutu. A cikin shirun nan duk unguwa ta ji ƙarar bel a kan fata, ta ji muryar mutumin nan mai fara'a yana cewa, "In ka yi kuka, a sake daga farko." Amma muryar yaro ba a ji ta ba, ko nishi.

Malam Haladu ya ja baya ya daki ƙofar da kafaɗa har ƙashin ya goce, bai tsaya ba sai da ta ɓalle. Barau ya kai masa bel a fuska, malamin ya ture shi, ya ciccibi yaron daga cikin garin masara da jini. Da hannu ɗaya ya tuƙa babur zuwa asibiti, Lantana na riƙe da Tasi'u a baya. Likita ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan da sai dai gawa. Aka nemi jini, na malamin ya dace, aka ɗiba.

Da magana ta je gaban hukuma, Barau ya rantse cewa yaron ne ya faɗa kan bel yana wasa. Maƙwabtan da suka ji da kunnensu duk suka noƙe, kowa na gudun rigima. Kande ce ta tashi ta faɗi komai tun daga farko, har ta nuna nata tabon. A nan take Barau ya sake ta, kafin a wuce da shi gidan yari.

Tasi'u ya warke, sai dai ba shi da kowa. Mai unguwa ya tara dattawa don a ba da riƙonsa, sai ga mutum uku kowa na so.

Lantana ta ce ita ta fara ganin abin da kowa ya kalla bai gani ba, kuma da ta koma kan tuyarta da babu wanda zai motsa. Dattawa suka ce gaskiya ne, amma ƙararta ce ta sa aka kira Barau ranar, ga shi har yanzu Mudi in ya ji sunan Tasi'u sai ya ɓoye bayan ƙofa.

Malam Haladu ya ce shi ya san hanya, shi ya karya ƙofa, kuma jininsa ne ke gudu a jikin yaron. Suka ce haka ne, amma da hannun nan nasa ya yi ta miƙa shi ga mai bel, yana karɓar godiya yana tafiya.

Kande ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce ita ta kashe injin, ita ta ba da shaida, kuma a kan yaron nan ta rasa aure da muhalli. Suka ce ba musu, amma ina take duk shekarun da injin yake tashi?

Da abin ya gagara, mai unguwa ya ce a tambayi yaron. Tasi'u ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, a wane gida ne in na yi kuka ba za a sake daga farko ba?"

Dukansu uku suka fashe da kuka, shi kuwa yaron yana tsaye yana kallonsu da busassun idanu, don ya manta yadda ake yi.

To, ga ku ga su. Tsakanin wadda ta gani ta ƙi tafiya, da wanda ya karya ƙofa ya ba da jininsa, da wadda ta kashe inji ta rasa gidanta, wane ne ya fi cancanta a damƙa masa Tasi'u?