Mai Waldar da Ya Gusar da Huda Ɗaya

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum mai walda a wani layi da ake ƙera baro. Su huɗu ne, kowa da rumfarsa. Ɗaya yana buga kwanon baro, ɗaya yana lanƙwasa hannuwa, wani dattijo yana haɗa taya, shi kuma ƙafafu ne nasa. In babban aiki ya zo, tare suke karɓa. Suna da wani fallen ƙarfe mai huda huɗu, shi ne ma'auninsu, da shi kowa yake gane inda noti zai shiga. Mai walda aka ba ajiyarsa.

Wata rana da hantsi, ana yayyafi, wani ɗan kwangila ya zo neman baro ɗari uku. Mai walda ya ce a ransa, don me za a raba huɗu? Ya ƙudura sai ya ci shi kaɗai. Ya yanko sabon falle, ya gusar da huda ɗaya kamar faɗin yatsa, ya miƙa wa mai kwano.

Ranar haɗa baron gwaji, noti ya ƙi shiga. Mai kwano sai gumi yake yi.

"Maƙwabci, ko idon ne ya fara tsufa?" in ji mai walda, a gaban ɗan kwangila.

Dattijo ya ɗauki fallen, ya jujjuya shi. Ya ce, "Ɗana, namu ya sha hannu. Wannan ko tsatsa bai yi ba."

Ɗan kwangila bai gane zancen ba, ya ɗauka sauran ba su iya aiki ba, ya ba mai walda aikin duka. To, ina injin lanƙwasa? Yana rumfar mai lanƙwasa hannuwa, wanda shi ma ya raba da aikin. Matarsa ta ce, "Maigida, ka je ka ba su haƙuri mana." Ya ce, "Ko zan kwana a tsaye sai na gama."

Ya riƙa gasa bututu a wuta yana lanƙwasawa da ƙarfin tsiya. Don sauri ko gilashin ido ba ya tsayawa sawa. Ya kai baro arba'in wurin gini. Cikin mako guda hannuwa suka fara karyewa, ɗaya ya zube da siminti a ƙafar lebura. Aka dawo masa da su duka, aka jibge a ƙofar rumfa, kowa na gani. Idanunsa kuma suka dushe, ko layin walda ba ya iya bi.

Ya 'yan uwa, me ya rage masa? Amana ce aka ba shi, faɗin yatsa kawai ya ci daga cikinta, ta cinye sana'arsa gaba ɗaya. Wanda ya karya abokin aikinsa, ƙafar kansa ya sare.

Ranar da zai bar layin, ya kasa ɗora injin waldarsa a mota. Mai kwano ya ajiye guduma, ya zo ya kama gefe ɗaya, suka ɗora. Mai walda ya sunkuyar da kai. Mai kwano ya koma bakin aikinsa.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar waɗanda muke neman abinci tare da su. Amin.