Sarewar Jatau da Ƙwaya Mai Rigar Kakin Zuma

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Iya!

An yi wani mutum, Jatau mai sarewa. In ya busa a wurin gayya, ko malalaci sai ya ɗauki fartanya. Da numfashinsa yake ci. Ke Ladi, bar sosa kai ki saurara!

Ran nan a motar kasuwa wani ya yi tari, sai wata 'yar ƙwayar cuta siririya ta bi iska ta faɗa ƙirjin Jatau. Sunanta Tibi, rigarta ta kakin zuma ce.

To, a ƙirjin kowa akwai 'yan gadi. Al'adarsu in baƙo ya shigo su haɗiye shi, su jefa shi tukunya mai tafasa da ke cikinsu. Babbansu ya tare ta.

"Ke wace ce?"

"Baƙuwa ce, Baba. Haɗiye ni."

Ya haɗiye ta. 'Yar banza sai ta toshe hanyar tukunyar, ta miƙe ƙafa a cikinsa tana waƙa:

"Ka haɗiye ni, ba ka dafa ni ba,
Ina nan, ina jira."

Ta yi ta haihuwa har cikinsa ya fashe. Na biyu ya haɗiye 'ya'yan, ya fashe. Na uku ma haka. Sauran suka ce, "Wannan ba ta dahuwa, mu kewaye ta." Suka jeru suka zama katanga. Tibi ta ja rigarta ta yi barci shekara bakwai.

Sai aka yi fari. Jatau ya rame, 'yan gadi suka rame, katanga ta tsage. Wayyo, ga tari, ga jini a bakin sarewa!

A asibiti malama ta ce, "Malam Jatau, tarin fuka ne, wata shida za ka sha maganin nan. Ko kwana ɗaya kada ka tsallake."

Ya sha wata biyu, tari ya tsaya. Rannan ya ji maƙwabcinsa Barau yana tari ta bayan danga. Ya ce, "Haba, ni na warke, ga ɗan'uwana yana wahala, in zauna a kan magani?" Ya kwashi sauran ya kai masa. Barau ya yi ta sa albarka.

Ashe raunanan ƙwayoyin cutar ne kaɗai suka mutu. Masu taurin kai suna nan, har sun gane maganin. Tibi ta leƙo:

"Ka sha rabi, ba ka gama ni ba,
Ina nan, na daina jira."

Da ya koma asibiti, maganin farko ya daina ci. Barau ma guntun da ya sha bai ishe shi ba. Da damina aka yi gayya, Jatau ya sa sarewa a baki, iska kawai ta fita, fuuu. Kafin kaka an rufe shi, Barau ya bi shi.

Har yau abin yana cin raina, don tausayi ne ya kai shi. Ku ji ni da kyau: maganin tarin nan ba a ɗibar wa kowa, ba a kuma ajiye shi don an ji sauƙi. Mai tari, ku kai shi asibiti a ba shi nasa.

Ƙurunƙus, ta ƙare. Ladi, sarewar nan da kike tambayata kullum, wadda ke rataye bayan ƙofa, ta kakanku Jatau ce.