Sarkin Da Ya Ci Sifili

An ce wani sarki ne da ya yarda duniya ba mai kwanya irin tasa. Wata rana ya tarar da 'yarsa Fulera tana fama da aikin da malaminta Isyaku ya ba ta a allo: jakar goro da goro uku a gefe guda na ma'auni, goro goma a ɗaya gefen, ma'auni ya daidaita. Goro nawa ne a jakar?

Sarki ya karɓe allon. "Wannan ne ya hana ki wasa? A kawar da ukun nan, saura jaka. Goma ke nan. Kada ki ce ni na yi."

Kashegari Fulera ta dawo da kuka. Malam ya zana mata sifili ƙato, ya ce ko jaki ba zai yi wannan lissafi ba.

Ran sarki ya ɓaci ƙwarai. Ya sa aka kawo malam, aka kira wanzami don ya aske masa gemu a gaban fada.

Malam ya dafe gemunsa ya ce, "Ya sarki, kafin aska, a kawo ma'auni."

Aka kawo, aka jera goro. Sarki ya kwashe ukun nan da hannunsa, sai gefen goma ya rinjaya, ya dunguri ƙasa.

Sarki ya harari fadawa. "Ai daidai yake, ko kuwa?"

"Daidai yake, ranka ya daɗe!" Waziri ya yi ta karkata kai don ya gan shi daidai, har rawaninsa ya faɗi.

Malam ya ɗebe uku daga cikin goman, ma'auni ya miƙe. "Bakwai ne, ya sarki. Abin da aka ɗauka a nan, a ɗauka a can. Kuma Fulera ba ta irin wannan kuskure. Wannan aikin babban mutum ne, wanda ya saba jin kukan gefe guda ya kira wanzami."

Kunya ta rufe sarki. Ya dubi allon, ya dubi wanzami, ya ce a hankali, "Mayar da askarka. Jakin ya ji."

Daga ranar bai ƙara yanke hukunci ba sai ya ji ɓangare biyu. Yakan ce, "Mai taɓa gefe guda ya bar ɗaya, lissafin goro ma ya fi ƙarfinsa, balle shari'ar mutane."